Kakata Mai Ji da Ido

Ranar da muka kai Kaka makwancinta mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gida sun cika har sai da aka aro na masallaci. Amma na lura da irin zuwan da suka yi. Labari ya riga ya zaga garinmu Filingue cewa tari ne ajalinta, don haka yawancin matan da bakin mayafi a kan hanci suka shigo, suka tsaya nesa da ɗakinta suna yi wa mahaifiyata gaisuwa ta cikin zane. Ita kuwa sai "Na'am?" take ta yi, don rabin abin da suke faɗa a cikin mayafin yake maƙalewa. Maƙwabciyarmu Bazabarma, mai sayar da kopto, kwaɗon ganye irin nasu, a bakin tasha, ita kaɗai ta shiga ɗakin kai tsaye. Ta zauna a bakin gadon, ta ce "Fonda tilas" sau ɗaya, gaisuwar mutuwa irin tasu, sannan ta fashe da kuka. Kaka ce ta wanke gawar uwarta, ita ce kuma ta wanke ta 'yarta.

A wajen maza kuwa, bayan an shafa fatiha, na ji wani tsoho a bayana yana ce wa na kusa da shi, "Allah dai Shi jiƙan ta. Amma idon nan nata, malam, ni ko ga hanya ban so mu gamu." Ɗayan ya ce, "Bari, daɗa masu ciwo sun samu lahiya." Da suka ga na waiwayo sai suka kau da kai.

Saboda waɗannan tsofaffi biyu na ɗauki alƙalami, kada a bar jikokinmu da labarin cewa mayya ce. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Abu ɗaya tak Kaka ta taɓa roƙo a wurina: ranar da za ta cika, in laƙƙana mata kalmar shahada da bakina a buɗe, inda za ta gan shi. Na yi mata alkawari. Har yau ban sani ba ko na cika shi a kan lokaci, kuma tsoron wannan bai bar ni ba.

Ita ce mahaifiyar mahaifina, wanda ya riga ta tafiya tun ina ƙarami. Aikinta a unguwa sananne ne. In ciwo ya tsananta ita ake kira ta zauna a kan mai jinya, ta yi ta maimaita masa kalma har rai ya fita, in mace ce kuma ta yi mata wanka. Ba ta karɓar komai sai goro, shi ma rabawa take yi a hanya. Sai dai tana da wata ɗabi'a da ke tayar wa mutane da tsigar jiki. In kana yi mata magana ba ta sunkuyar da kai, ba ta kallon gefe kamar sauran mata. Bakinka take kafa wa ido, ko ƙiftawa ba ta yi, har ka manta abin da ya kawo ka. Liman ma haka take yi masa.

Abin da ya ɓata mata suna ya faru ina ɗan firamare. Wani maƙeri a bayan gidanmu ya kwanta, murya ta ɗauke masa kwana biyu, sai leɓe ke ɗan motsi. Ɗaki cike da 'yan uwa, ba wanda ya ji ko tari. Kaka ta sunkuya a kansa, ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "Cewa yay yi a kira mai ƙanenai. Zancen iyakar gona, ya yahe." Aka kira ƙanen, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji. Da ya shigo ya durƙusa, hawaye suka zubo wa maƙerin, kafin azahar ya cika. Maimakon a gode mata, sai aka koma gida ana tambayar juna: wa ke jin abin da ba a faɗa ba, in ba mai magana da kurwa ba? Daga ranar iyaye suka fara jan 'ya'yansu ciki in ta biyo layi. A lakkwal, wato makaranta, yara suka sa mini jikan mayya. Sa'ata ɗaya, kakata ce ta wajen uba, an ce maita a nono ake shan ta, da ban samu abokin zama a benci ba. Ni kaina na ji tsoronta. In ta miƙo mini fura sai na yi bisimilla sau uku.

Duk da haka in wani nasu ya kwanta, ƙofarmu suke bugawa, ita kuma ta ɗauki mayafi ta bi su.

Sauran halayenta mun ɗauke su a kan girman kai da rigimar tsufa. In ka kira ta ta baya ba ta amsawa. In baƙo ya zo sai ta juya tabarma, ita ta ba rana baya, shi ta bar shi yana fuskantar haske yana zufa. Da an yi isha'i ta shige ɗaki, ba ta hira. Rediyo akwatin ƙarya take ce masa. "Mai magana ba ka ganin bakinai, ƙaƙa za ka yarda da shi? Gani ya kori ji, Maigida." Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce mata tsohuwar amarya, in ce sakinta zan yi in ba ta daina sa mini tonka mai yaji a miya ba.

Rigimarta mafi girma da ƙanenta ta yi, wanda suka fito ciki ɗaya. Yana wani ƙauye a cikin ƙasar Kurfey, duk ranar kasuwa a gidanmu yake sauka, su yi ta dariya kamar yara. Da aka naɗa shi mai gari sai ya zo da rawani, ya ja amawali ya rufe baki, yana magana a hankali irin ta manya. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai, sauke tsummanga ka yi magana kamar ɗan Adam."

Ya ce wani abu ta cikin amawalin, ina jin cewa ya yi, "Yaya, girma na."

"Ni ba ni zance da rawani," ta ce, ta tashi ta bar shi a kan tabarma.

Shi ya ƙi saukewa, ita ta ƙi zama. Aka ce hassada ce, ba ta son ganin ƙaninta da sarauta. Ya rage zuwa, daga baya ya daina, sai dai ya aiko da damin hatsi bayan girbi.

Sai shekarar korona ta zo. A nan dole in faɗi halina: ni matsoraci ne. Ina koyarwa a firamare, ana ce mini mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakkwal da Faransanci, amma in akuya ta yi atishawa a bayana sai na sake hanya. Ni na fara sa takunkumi a unguwarmu. Na ajiye buta da sabulu a zaure, na raba wa kowa nasa ƙyallen, har mahaifiyata ta ce in na ga dama in ɗaura wa kaji. Kaka ta karɓi nata ta jujjuya, ta ce, "Takunkumi? Jaki aka sa ma shi don kar shi ci hatsin mutane. Mi nic ci?" Muka yi dariya. Ban lura ba cewa daga ranar ta rage magana, in mun kewaye ta da fuskokinmu a rufe sai ta yi ta duban wannan, ta dubi wancan.

Wata safiya da hantsi wani ya zo a kan moto daga ƙauye. Na tsayar da shi a zaure, na sa ya wanke hannu, sannan ya gaya mini mai gari ya rasu da asuba. Na shiga ciki da takunkumina. Kaka na zaune da faifai a cinya tana tsinkar zogale, maƙwabta mata biyu na taya ta. Na durƙusa nesa kaɗan na ce, "Kaka, sai haƙuri. Ƙanenki Allah Ya yi mai cikawa."

Ta dubi idona, ta dubi goshina, ta dubi ƙyallen. Sai ta yi murmushi.

"Madalla, Maigida. Allah Shi ƙara."

Ɗaya daga cikin matan ta yi salati ta ja da baya. Duk abin da yaran lakkwal suka taɓa faɗa ya dawo mini. Na sake faɗa da ƙarfi. Ta gyaɗa kai ta ce, "Awo, na ji. Ka gaishe su." Matan suka kwashi takalmansu a hannu suka fice. Haushi ya sa na fizge ƙyallen daga fuskata, na ce, "Wace irin zuciya ag gare ki? Nic ce miki ƙanenki ya mutu!"

Faifan ya faɗi. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba, ta kira shi da sunan yarintarsa.

Bayan an share makoki ta kira ni ɗakinta, ta sa na zauna a bakin ƙofa inda haske yake. Ta ce sanƙarau ne ya kama ta bayan haihuwar mahaifina, ta tashi amma kunne bai tashi ba. "Ƙara nika ji, kamar ana magana cikin tulu. Sauran dut ga baki nika ɗauka. Kakanka kaɗai yas sani, ya tahi da shi."

Na ce, "Mi ya hana ki hwaɗi? Kin san abin da aka ce miki cikin garin ga?"

"Na sani, ai ga bakinsu nika ganin shi, ko suna can bakin rijiya." Ta yi dariya kaɗan. "Mayya tsoronta aka yi, kurma dariya aka yi mata. Kuma wa za ya kiran kurma wurin mai cikawa? Wa za ya yarda da abin da tac ce ta ji?" Sai ta ce da ta sani da ta ja ƙanenta gefe ta gaya masa, da ya sauke mata amawalin ko a gaban wa. Ta hana ni faɗa wa kowa, har mahaifiyata. Abin da matan nan biyu suka yaɗa a gari kuwa, cewa ta yi madalla da mutuwar ɗan'uwanta, haka ta bar shi.

Da aka koma lakkwal bayan hutun korona na fara gane kaɗan daga abin da take ciki. Ina yi wa yara shifta ta cikin takunkumi, na bayan aji sai su yi ta rubuta abin da ban faɗa ba. Ƙyallen yana cinye siraran sautuka. In na ce su tsaya, wani ya ji saya. Sha da sa duk ɗaya suke fita. Yara masu lafiyayyen kunne ke nan, ashe su ma rabin jinsu da ido suke yi ba su sani ba. Na ɗaga murya har maƙogwaro ya yi mini ciwo, abin bai gyaru ba, ƙara kawai ta ƙaru.

A cikin watannin nan aka kira ta gidan wata tsohuwa a bayan kasuwa. Ta dawo kafin la'asar, ta kama hannuna ba ta ko cire mayafi ba. Ta ce ta iske an rufe wa mai jinyar baki, 'yarta ma da ke yi mata kalma bakinta a rufe. Matar ta cika a gabanta, ita kuma ba ta san ko ta faɗa ba. "Maigida, an shahe ma mutane baki cikin garin ga. In tawa ta zo haka, wa za ni gani?" A ranar ta karɓi alkawarin. Na yi mata shi da sauri har da rantsuwa, don a lokacin bakin ne kawai ke aiki.

Korona ta wuce, takunkumi ya koma ƙasan akwati, Kaka ta koma kallon bakin mutane, su kuma suka koma kauce mata. Na zaci an gama.

Bana bayan girbi tari ya kama ta. Ta ɓoye, ta sha jiƙe-jiƙe, sai da mahaifiyata ta ga jini a zanenta muka kai ta gidan likita. Aka gwada majina aka ce tarin tibi ne, kuma ya ci jiki. Ma'aikacin da ya ba mu magani ya yi mana bayani tsakani da Allah: a ware mata ɗaki, a bar taga a buɗe, duk mai shiga ya sa takunkumi har maganin ya yi makonni yana aiki. Ya tambaya ko akwai ƙananan yara a gidan. Matata kwananta tara da haihuwa, 'yarmu ta fari, bayan shekara shida muna jira. Ya ce ko kusa kada jaririyar ta je, ni ma da ke shiga ɗakin mai jego in kiyaye.

Ba sai an ce wa matsoraci ya kiyaye ba. Biyu nake sawa, ɗaya a kan ɗaya. In ina son yi mata magana sai in fita tsakar gida, in tsaya a rana, in sauke su in buɗe baki da kyau. Amma idonta ma ya fara yana, daga can ba ta ganin komai sai inuwar mutum. In na matso bakina a rufe yake, in na buɗe shi na yi nisa. Haka muka yi kwana goma sha ɗaya, ina kawo mata kunu da ƙwayoyi, tana magana ina gyaɗa kai.

Ana saura kwana biyu ta cika, ta ce in tsaya, tana da karatun da za ta ba mushe. Numfashi na yanke mata tana faɗa. Ta ce rabin farko na kalma ba shi da leɓe, in gwada in gani, harshe kaɗai ke kai da kawowa a ciki, shi ya sa ba a ganinsa sai an matso ƙwarai. "Amma in leɓe ya gamu sau biyu, to mutum ya kai ga sunan Manzo, ya cika ta ke nan. Shi nika jira ga bakin mutane shekarun ga dut." Na gwada a cikin takunkumina, na ji haka ne. Ta ce, "Ka matso hwa, Maigida. Kar ka tsaya can kamar mai bikon mata." Na gyaɗa kai.

Ranar Alhamis da hantsi aka kira ni daga aji. Na iske mahaifiyata a bakin ƙofar ɗakin da mayafi a hanci, ta ce tun ɗazu take yi mata kalma daga nan, ba ta amsa ba. Na ɗaura takunkumina biyu na shiga, na durƙusa a gaban gadon. Ƙirjinta na hawa da sauka, idonta a buɗe. Na fara kalma da ƙarfi. Mahaifiyata na cewa daga baya, "Ɗaga murya, ba ta ji ba." Na ɗaga. Idon Kaka ya bi goshina, ya sauko kan ƙyallen, ya tsaya a nan. Na san abin da take nema. Na ci gaba da yi wa ƙyalle ihu, ina ce wa kaina wataƙila ƙarar ta ishe ta.

Sai ta ɗago hannu. Ban san inda ta samu ƙarfin ba. Yatsanta ya laluba kumatuna ya maƙale igiyar, ta ja. Ni kuwa na fizge kaina baya. Wannan ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Ta yi tari, jini ya fito a gefen bakinta, can ɗaya ɓangaren gidan kuma jaririyata na kuka, ina jin ta sarai. Hannun Kaka ya tsaya a sama yana neman fuskata, ni ina kallonsa. Ban san iya lokacin ba, zai kai a karanta fatiha uku. Sannan hannun ya sauka a kan zane.

Saukar hannun ce ta tashe ni. Na tsinke igiyoyin duka biyu, na kai fuskata dab da tata har ina jin zafin numfashinta a leɓena, na juya don hasken taga ya faɗo mini a baki. Na faɗi kalma a hankali, harafi bayan harafi, na sake, na sake. Idonta na kaina, amma ban san ko akwai sauran gani a cikinsa ba. Can bakinta ya motsa, ba murya. Na kafa masa ido yadda take yi wa mutane. Leɓenta ya haɗu, ya rabu, ya sake haɗuwa. Daga nan ƙirjin bai ƙara tashi ba.

Mahaifiyata ta ce, "Ta hwaɗi?"

Na ce, "Ta hwaɗi." Haka na gaya wa liman, haka na gaya wa duk wanda ya tambaya a zaman makoki.

An gwada ni a gidan likita ba a ga komai ba, an ce in koma nan gaba a sake dubawa. In na yi gyaran murya matata takan ɗago ta dube ni, ta ƙara rungume yarinyar. Amma ba wannan ke hana ni sakewa ba. Sunan kakana aka raɗa mini, shi kuma sunan Manzon Allah ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Don kunyar sunan mijinta Kaka ba ta taɓa kirana da shi ba tun da aka haife ni, ko da wasa. A sunana ma sau biyu leɓe ke haɗuwa. Wataƙila ta ga bakina, ta bi ni har ƙarshen kalma. Wataƙila kuma duhu ya riga ya rufe mata ido tun ina can baya ina tsoro, ta ajiye kunya ta kira ni da sunana na gaskiya, ko zan matso. Wadda za ta iya duban bakin ta gaya mini, ita ce a kwance.

Ya Allah, Kai da ba Ka buƙatar murya ko ganin leɓe kafin Ka ji, Ka karɓa mata a matsayin kalma. Ka saka mata da dukan waɗanda ta raka har bakin ƙofa, Ka buɗe mata kunne ta ji sallamar mala'iku, Ka yafe mini jan kai da na yi. In kuwa ni kika kira, Kaka, na'am. Ga ni, na matso.